Wadda Ta Fito a Matsayinta

Marubuciyar ta tarar da daraktan a ɗakin tace fim, ya ƙura wa fuskar jarumar ido a allo. Labarin kanta da shi ne marubuciyar ta rubuta a littafin da yake mayarwa fim, ya kuma sani sarai.

"Malama, ba ni kalaman neman aure masu ratsa zuciya," ya ce, bai ko juyo ba.

Ta sunkuyar da kai, ta faɗa masa waɗanda ta daɗe tana jira daga bakinsa. Ya maimaita har suka zauna masa.

"A ina za ka sa su a fim ɗin?"

"Ba na fim ba ne." Ya nuna allon da baki. "Ita zan faɗa wa. Ta fi ki iya zama ke."