Rijiyar Gwaggo

Magini ya riga ya kwaɓa siminti lokacin da Gwaggo ta zauna daram a kan murfin rijiyarta, ta ce sai dai a shafe har da ita.

Mijinta ne ya haƙa rijiyar kafin ya rasu, kuma duk layin ita ake sha idan famfo ya ɗauke, wato kullum. Wanda ya zo rufe ta kuwa ba bare ba ne. Ɗan ƙanenta ne, wanda ta goya, ta yi wa tsarki da hannunta. Yanzu ya zama dubagari, yana yawo da farar riga da tsinken sakace a gefen baki. In yana magana mutane kan ja da baya. Shi a ganinsa kwarjini ne.

Tun da ofis ya ba shi madubin likita unguwa ba ta huta ba. Rijiyar mai wanki ta tafi, ta makaranta ta bi bayanta. Bai taɓa leƙa ruwa ya same shi lafiya ba, shi ya sa a ofis ake yaba ƙwazonsa.

"Gwaggo, aikin gwamnati ne," ya faɗa, tsinken yana rawa.

"Gwamnatin ce ta goya ka? Nuna mini abin da ke cikin ruwan in gani. Ba na tsoron abin da idona bai gani ba."

Ya ji daɗi, don dama abin da yake so ke nan. Ya fito da madubin daga akwati da hannu biyu, ɗaya a wuya, ɗaya a gindi, kamar mai ɗaukar jariri. Ya sa safar hannu. Ya kori duk wanda ya matso, ya ce numfashin jahili ma ɓata gilashi yake yi. Sannan ya buɗe makaranta a tsakar gida: madubin iri-iri ne, akwai mai aiki da lantarki, akwai mai ido biyu, akwai wani ƙato da yake cika ɗaki. Nasa da hasken rana yake aiki. Wanda ya fara ganin ƙananan halittun da ke cikin ruwa, in ji shi, wani mai sayar da yadi ne a can ƙetare, da yake goge gilashi da kansa.

"Ya bar yadinsa yana leƙen ruwan mutane?"

"Har dattin haƙoransa ya leƙa, Gwaggo."

"Ƙazami."

Ba ta yarda da kofinsa ba. Ta wanke nata da sabulu, ta jefa guga da kanta, ta miƙa masa ruwa garau. Ya juya musu baya, ya sunkuya, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɗan gilashi, ya rufe da wani siriri. Ya karkata ɗan madubin da ke gindinsa ya kamo rana, ya murɗa a hankali.

"Bismilla," ya ce. Wannan karon maganarsa ta fito tar.

Gwaggo ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Da farko haske kawai. Can sai ga su. Wasu kamar sanduna, wasu kamar zare, suna mutsu-mutsu, suna karo da juna kamar 'yan kasuwa. Ta daɗe a sunkuye. Ta tuna jikokinta, ta tuna duk jaririn layin da aka yi wa wankan farko da ruwan nan.

Ta miƙe. Ba ta iya ƙarya ba, ko a kan kanta.

"Rufe," ta ce da magini.

Ya rufe. Matan layi suka juya da bokitai wayam. Gwaggo ta share ido da gefen mayafi, ta kama hannun ɗan ƙanenta ta sa masa albarka, ta ce ya ceci rayuka. Ya sunkuyar da kai, ya ce aikinsa ne, gobe ma yana gidan tela.

Ya shiga haɗa kaya a tsanake. Ya goge idon madubin da takardarsa ta musamman, ya lulluɓe shi, ya mayar cikin akwati kusa da maɗigin ruwa na ofis, wanda robarsa ta tsage tun makon farko bai faɗa wa kowa ba.

Sannan ya ɗauki abin da yake ɗiga ruwan da shi tun daga lokacin, tsinken sakacensa, ya mayar da shi baki.