Rabon Baturiya

Ƙafar Malam Barau ta cinye duk maganin da ke kasuwar Waca. Tun da fartanya ta sare shi yake haɗiyar ƙwayoyin masu talla, yau biyu gobe ɗaya, in ya ji sauƙi ya ajiye. Cutar da ke cikin gyambon ta yi karatu har ta sauke, kowane magani aka kawo sai dai su gaisa. Likita a Magaria ya fara maganar yankewa.

'Yarsa Hidaya kuwa a ɗakin binciken magani ƙuruciyarta ta ƙare, tana haɗa sinadarai saboda irin wannan cuta mai taurin kai. Da sabon maganinsu ya samu izini, ta ɗauko ta taho gida.

"Baba, daga wannan babu wani. Ka shanye duka, kada ka rage ko ɗaya."

"Ko ɗaya ba za ta yi saura ba," in ji tsoho.

Bai yi ƙarya ba. Da ta dawo duba shi bayan kwanaki, kwalba wayam. Amma ƙafa ta ƙara kumbura, gwaji kuma ya nuna cutar ta soma gane sabon maganin. Hidaya ta zauna ta yi kuka, na uba da na aiki.

Tsoho ya tausaya mata. "'Yar nan, kada ki ga laifin maganinki. Rabi na sha, rabi na ba Baturiya. Ita ma ƙafa ta kwantar da ita, ga tsohon ciki, ta daina ci. Yaya zan haɗiye ni kaɗai tana kallona? Yanzu ta miƙe sarai."

Hidaya ta daɗe rabonta da garin, ba ta san wata Baturiya ba. Ta ayyana wata baiwar Allah ce marar galihu, sai fushinta ya sauka. In ma ƙafar Baba ta tafi, ai rai biyu ya ceto.

Sai kuma gabanta ya faɗi. "Mai ciki? Baba, ba a gwada shi a kan masu ciki ba! Kira mini ita in duba ta."

Malam Barau ya dogara sanda ya leƙa bayan danga. "Ke Baturiya, zo ki yi wa likita godiya."

Baturiya ta ɗago kai daga kwaryar dusa, ta kaɗa kunne, ta ce, "Meee!"