Ranar da Jinin Kowa Ya Koma B

Injiniya Barau ya ce ko aljani bai isa ya kutsa na'urar asibitinmu ba. Komai a ka take riƙewa, shi ya sa aka daina gwajin jini.

Yau ƙanwata Ladidi na kwance, sai an yi mata ƙarin jini. Na'ura ta ce jininta B ne. Ban yi boko ba, amma na san O ne. Na tari Injiniya Barau.

"Yallaɓai, wani ya shiga na'urar nan. Wannan jinin kashe ta zai yi."

"Yarinya, kimiyya ba suyar awara ba ce."

Nas har ta rataya ledar jinin.

"Don girman Allah, duba naka."

Ya ɗora yatsa kan na'urar yana murmushi. B.

Nas ta kalli ƙaton katin aikin da ke wuyansa, an rubuta jininsa O ɓaro-ɓaro. Ta sauke ledar.