Buhun da Marigayi Ya Bari

Tunda kin ce kiwo za ki kama, bari in ba ki misali da wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da kaji masu ƙwai. Ya kuma bar robobi a bayan ɗaki, inda yake kiwon tsutsar nan ta dusa wadda ake watsa wa kaji. Shi ne mai kula da tsutsa, ita nata kwashe ƙwai da sayarwa, da kuɗin ake cefane. Tana cikin takaba ta leƙa robobin, ta ga shimfiɗar da tsutsar ke kwance a ciki ta yi duhu, ga ɓarɓashin ganye, ga wani farin tsaki-tsaki. Ita kuwa mace ce mai tsabta, ko tsinke ba ta bari a tsakar gida. Ta ce a ranta, jinya ce ta hana bawan Allah gyarawa. Sai ta ɗauko rariya ta tankaɗe tsutsar tas, ta zubar da tsohuwar shimfiɗa, ta aika aka kwaso mata buntun shinkafa mai haske daga injin casa, ta zuba musu. A ɗakin ajiya ta tarar da buhu cike da irin wancan dattin. Nauyi ya hana ta fitar da shi, ta ja shi cikin akurki ta toshe wata kafa, kaji suka mai da shi wurin kwana.

Tsutsa ba ta mutu ba, tana motsi, amma ta yi fayau kamar zare. Kaji na ci, ba sa ƙoshi. Ƙwai ya ragu, wanda aka samu kuma ɓawonsa laushi, yatsa na taɓa shi ya fashe. Kaji suka shiga fasa ƙwansu suna sha, wasu ƙafa ta ƙi ɗaukarsu, ta yanka su kafin su mutu. Masu sayen ƙwai suka canza gida, miya ta fara tsinkewa. Ta sayi magani, ta yi hayaƙi ko baki ne, shiru.

Da ta fita takaba, mai shayin bakin titi ya yi sallama da leda cike da ɓawon ƙwai. Ya ce, “Uwargida, ga ajiyar marigayi, na daɗe ina tarawa.” Ta ce, “Shara kuma yake ba ka ajiya?” Ya ce, “Gasawa yake yi ya daka, ya cuɗa da dusar alkama da busasshen zogale. Cewa yake, tsutsa shimfiɗarta take ci, kaza kuma abin da ke cikin tsutsa take ci.”

Ta shiga akurki, ta kori wata ramammiyar kaza daga kan buhun, ta kwance bakinsa ta damƙo. Ga dusa, ga zogale, ga farin ɓawo dakakke, haɗin da ya yi da hannunsa kafin ciwo ya kwantar da shi. Ta zauna nan ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, sannan ta tashi ta juye buntun daga robobin ta zuba haɗin. Kajin da suka rage sun farfaɗo, waɗanda aka yanka kuwa sun tafi. Shi ya sa Hausawa ke cewa, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.