Katanga Biyu a Cikin Tafki

Maƙwabcinmu mai kwale-kwale, sarkin kunya, bai iya buɗe baki ba sai da ya tuƙa malamar asibiti har tsakiyar tafki, inda tsohon ƙauye ya nutse. Ruwa ya ja baya, kan katangu ya leƙo baƙi ƙirin.

"Nan ne gidan kakana," in ji shi, ya ajiye filafili. "Malama, aurenki nake so."

Ta daɗe tana kallon katangar da ke kusa.

"Wannan ta kakana ce. Ka san wanda ya ƙi ɗaukarsa a jirgi ranar ambaliya?"

Ya sani sarai, kakansa ne. Can bakin gaɓa yayanta na tsaye, ya zuba musu ido, ko motsi babu.

"Mayar da ni," ta ce. "Amma a hankali."