Furen Tsamiyar Gidanmu

Ranar da za a sare tsamiyar gidanmu a Rijiyar Lemo don gina shago, ranar na fara lura da furanninta. Ƙanana ne, ruwan ɗorawa, da jan zane siriri kamar jijiyar ido. Masu gatari har sun tuɓe riguna.

Ni da ba na iya haɗa ido da Baba, sai ga ni riƙe da hannun rigarsa.

"Baba, don girman Allah ara mini wayarka. Ka ce su dakata."

"Dama tsamiya tana fure?" ya tambaya, ya miƙo mini. Bai ce su dakata ba.

Na ɗauki hoton furen, gatari na girgiza reshen. Hoton ya fito dishi-dishi.

Har yau ina nuna wa mutane. Kowa sai ya ce, "Ai ganye ne."