Ganyen da Ya Faɗa Bayan Kabad

Ina taɓa fulawar da na shuka a tukunya, ta rabe a hannuna kamar dafaffiyar kabewa. Ƙasar tukunyar ta koma laka, sai wari.

"Mama! Ruwa kika ba ta?"

"Safe da yamma," in ji ta, tana ninke min kaya, ko kai ba ta ɗaga ba. "Abu mai rai ki bar shi da ƙishi? Ke kam ba ki da imani."

Ni ce ma marar imani! Tun fulawar tana 'yar mitsitsiya na raine ta a bakin tagar nan. Ganyenta ɓul-ɓul ne, a ciki take ajiye ruwanta, sai ƙasa ta bushe ƙamas ake ɗan jiƙa ta. Na faɗa wa Mama ranar da ta zo jinyata, na kuma maimaita. Amma yaushe Mama ta taɓa yarda wani ya ƙoshi? Haka ta yi wa Yaya: ga furfura a gemu, har yau ita ke zaɓar masa riga.

"Ki tattara ki dawo gida," ta ce. "Dubi yadda kika rame."

Na finciko kabad don in share lakar da ta zuba. Can baya, inda hannun Mama bai kai ba, ga ganye ɗaya da ya faɗi tuntuni. Ya fitar da saiwa.

Na ɗora shi a tafina.

"Ina nan, Mama."